Kun Tambaya, Mun Amsa: Karusar Wasiƙu, Otal-otal ɗin Hanya da Magungunan Kwalba a Ostireliya ta Zamanin Mulkin Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga hoton wata tsohuwar karusar dawaki ta Ostireliya mai rubutun Cobb & Co a jikinta, an ce ita ke kai wasiƙu ƙauyuka kafin jirgin ƙasa. Yaya take aiki, kuma me ya sa suka sayo ta daga Amurka alhali Ingila ce ke mulkinsu? Daga wani ɗalibin tarihi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Asalin tsarin dai na Ingila ne. A 1784 John Palmer ya gwada kai wasiƙu da karusa daga Bristol zuwa Landan, tafiyar ta ɗauki awa 16, alhali a da takan kai awa 38. Amma karusar Ingila an ƙera ta ne don hanya mai kyau, gangar jikinta na zaune a kan sifirin na ƙarfe. Da aka gano zinariya a yankin Victoria a 1851, jama'a suka kwarara Ballarat da Bendigo a kan hanyoyin da ba komai sai ramuka da kututture, sai sifirin ya dinga karyewa a inda babu maƙeri ko ɗaya.

Wasu Amurkawa huɗu, cikinsu har da Freeman Cobb, suka kafa kamfanin a Melbourne a 1853, suka fara jigila a watan Janairun 1854. Karusar da suka kawo ita ce samfurin Concord, wadda ake ƙerawa a jihar New Hampshire. Ba ta da sifirin. Gangar jikin tana rataye ne a kan manyan maɗaurai biyu na fatar sa, kowanne an jera fata a kan fata rubi-rubi, sun miƙe daga gaba zuwa baya. Idan taya ta faɗa rami, sai jikin ya yi lilo gaba da baya kamar kwale-kwale a kan ruwa, girgizar ba ta kai wa kafaɗun dawaki da ƙarfi. Idan fatar ta saki, akwai abin ɗaurewa da ake murzawa. Idan ta tsinke, ana iya ɗinke ta a gefen hanya. Illarta ita ce tashin zuciya, musamman ga waɗanda ke ciki an sauke labule saboda ƙura.

Saurin kuwa daga canjin dawaki yake fitowa. Akan ɗaura huɗu ko shida, wani lokaci biyar, biyu kusa da karusa uku a gaba. Kowane mil 10 zuwa 15, ko fiye da haka a daji mai nisa, akwai zango. Direba kan busa ƙaho tun daga nesa, kafin ya iso ɗan barga ya fito da sababbin dawaki sanye da kayansu, a kwance waɗancan a ɗaura waɗannan cikin mintuna kaɗan. Da haka ake riƙe tafiyar mil 6 ko 7 a awa yini guda, abin da dawaki ɗaya ba za su iya ba. Fasinja yana da damar ɗaukar kaya na nauyin laba 14 kyauta, wato kilo shida da ɗan ɗoriya, abin da ya haura sai ya biya.

Abubuwan da ke lalacewa sanannu ne. Tayar katako ce da zoben ƙarfe a bakinta. A lokacin zafi katakon kan bushe ya tsuke, zoben ya yi sako-sako, in ba a lura ba ya zame taya ta warwatse. Dabarar gaggawa ita ce a tsaya cikin rafi katakon ya sha ruwa ya kumbura, amma gyaran gaske sai maƙeri ya rage zoben, ya gasa shi a wuta, ya sa shi da zafinsa, a kwara ruwa ya kama. Sai gatarin taya: in maiƙonsa ya ƙare ko yashi ya shiga, yakan yi zafi har ya cije. Birki kuwa katako ne da direba ke takawa da ƙafa ya matse tayoyin baya, kuma a gangara mai tsawo in ya ƙi kamawa nauyin karusa kan tura dawakin baya su ruɗe. A damina laka ce matsala. Akan jera itatuwa a gicciye cikin fadama, fasinjoji maza su sauka su taka hawan tudu, wani lokaci su sa kafaɗa su tura.

Kuɗin fasinja kaɗai ba ya riƙe wannan harka. Kwangilar kai wasiƙu daga gwamnati ita ce ƙashin bayanta, kuma tana zuwa da jadawalin lokaci da tara ga wanda ya makara. Da jirgin ƙasa ya isa Ballarat da Bendigo a 1862, James Rutherford, manajan kamfanin a lokacin, ya kwashe karusai zuwa garin Bathurst a yankin New South Wales, daga baya kamfanin ya shiga Queensland. Haka ya dinga ja da baya cikin daji duk inda layin dogo ya iso, har tafiyar ƙarshe tsakanin Yuleba da Surat ranar 14 ga Agusta 1924.

Tambaya: Malam, waɗannan otal-otal na bakin hanya masauki ne na gaske, ko kuwa mashaya ce kawai aka sa mata suna? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, duka biyun ne, kuma doka ce ta haɗa su. Gwamnati ba ta ba da lasisin sayar da giya sai mutum yana da ɗakunan kwana da na zama domin matafiya, ban da na iyalinsa, da wurin ajiye dawaki. Dole kuma fitila ta kwana tana ci a kan ƙofa daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, don wanda dare ya yi masa a hanya ya gane wurin. Kowace shekara alƙalan lasisi kan duba rahoton 'yan sanda, su sabunta ko su ƙwace.

Mai otal ɗin da ya samu karusa tana tsayawa a ƙofarsa ya dace. Shi ke ciyar da fasinjoji cikin ɗan lokacin da direba ya ba su, galibi naman tunkiya ko naman sa mai gishiri da burodi da shayi. Sau da yawa shi ke riƙe jakar wasiƙun yankin, matarsa ke rarrabawa. A garin da babu ginin gwamnati, a falonsa ake taron jama'a da gwanjon fili. Akwai wani nauyi da ba kowa ya sani ba: in an tsinci gawa, doka ta tilasta wa mai lasisi mafi kusa ya karɓe ta ya ajiye, sau da yawa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa saboda sanyinsa, kuma a nan otal ɗin ake zaman binciken musabbabin mutuwar.

Ingancinsu ya bambanta ƙwarai. Na manyan garuruwa na dutse ne ko bulo, bene da baranda. Na daji kuwa katako ne da rufin ɓawon itace ko kwano, bangon ɗaki yadi ne aka manna wa takarda, fitila ta kyandir ko kananzir, shi ya sa gobara ta cinye da yawa daga cikinsu. Mafi muni su ne rumfunan da ba su da lasisi, inda akan tsarma giya da ruwa, a zuba taba ko shuɗin sinadarin tagulla don ta yi kaifi. Masu askin tumaki da suka yi watanni suna aiki kan miƙa wa mai rumfa takardar albashinsu gaba ɗaya, a yi ta ɗura musu har a ce kuɗin ya ƙare. Wannan cuta ce tsagwaronta, kuma jaridun zamanin sun yi ta kuka a kanta.

Tambaya: Ba 'yan fashi ne a hanyar? Yaya mutane ke aika kuɗi? Daga wani ɗan kasuwa.

Amsa: Akwai, Alhaji. A watan Yunin 1862 Frank Gardiner da mutanensa suka tare ayarin zinariya a Eugowra, suka kwashe dukiyar da ta kai kusan fam 14,000. Karusar wasiƙu ma akan tare ta a farke jakunkuna. Dabarar masu aikawa ita ce su yanka takardar kuɗi biyu, su aika rabi, sai sun ji ya isa su aika ɗaya rabin a wata tafiyar. Ɓarawon da ya sami rabi bai sami komai ba.

Tambaya: Malam, tsofaffin jaridun wancan lokaci cike suke da tallan ƙwayoyi da ruwan magani masu warkar da kowace cuta. Me ke cikinsu, kuma suna aiki? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

Amsa: Malama, karusar nan da muka yi bayani ita ce ke kai jaridar mai tallan, ita ce kuma ke kai kwalbar zuwa kanti da otal a wuraren da likita yake nisan tafiyar kwana ɗaya ko biyu, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin talaka. Don haka kada a ɗauki masu saye a matsayin marasa wayo. Uwa ce da yaro mai zazzaɓi cikin dare, babu abin da ke hannunta sai wannan.

Yawancin magungunan ba a yi musu rajistar ƙirƙira ba, domin yin hakan na tilasta bayyana abin da ke ciki. Sunan maganin da tambarinsa kawai aka kare, haɗin ya zama sirri. Waɗanda ake sayarwa a Ingila suna ɗauke da kan sarki na haraji, kwabo da ɗari, wato kwabo ɗaya da rabi, a kan maganin sule guda, shi ya sa farashin da aka saba gani shi ne sule da kwabo da ɗari, babbar kwalba kuma sule biyu da nai. Mutane da dama sun ɗauki kan sarkin nan shaidar gwamnati ta amince da maganin, alhali rasit ne na haraji.

Akwai marasa haɗari sosai. Ƙwayoyin Beecham, da Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta bincika a 1909, an samu busasshen ruwan ganyen kabar giwa ne da citta da sabulu, kuma kayan haɗin kwali guda kusan kashi ɗaya cikin takwas na kwabo suka kai. Na Thomas Holloway ma kabar giwa ce ginshiƙinsu. Aikinsu sakin ciki. Ga mai cin nama mai gishiri da burodi kullum ba ganye, sakin cikin kan sa ya ji sauƙi, ya yarda da sauran alkawuran tallan. Amma ga mai atuni ko zazzaɓin taifod, ƙarin gudawa ƙarin bushewar jiki ne.

Masu haɗarin gaske su ne masu ofiyom. Chlorodyne, wanda likitan soja John Collis Browne ya haɗa a Indiya a 1848 don kwalara, yana da mofin da kulorofom da ruwan wiwi. Yana tsayar da gudawa da tari da ciwo, ba ƙarya, shi ya sa kusan kowane matafiyi ke da shi a jaka. Da ɗigo ake auna shi, in kwalbar ta daɗe a ajiye sinadaran kan rabu, wanda bai girgiza ba ya sha mai rauni yau, gobe mai ƙarfin da ya wuce kima. Ga kuma sabo: jiki kan saba ya nemi ƙari.

Wanda ya fi ɓata rai shi ne Mrs Winslow's Soothing Syrup, da aka fara sayarwa a Amurka a shekarun 1840 don yara masu fitar haƙori. Kowane oza guda na ruwan, kusan mililita 30, yana da mofin kimanin miligiram 65. Ke da kike aikin jinya ki lissafa: cokalin shayi ɗaya ya kai miligiram 8 zuwa 11, adadin da ake ba babban mutum mai ciwo mai tsanani. Mofin yana rage numfashi, jariri ya yi barci mai nauyi, in an ƙara masa cokali numfashin ya tsaya. Wanda ya tsira kuma ba ya kukan yunwa, ba ya kama nono, ya yi ta ramewa, a rubuta cewa rama ce ko haƙori ya kashe shi. Hodar haƙori irin ta Steedman tana da sinadarin zaiba, wanda ke sa tafin hannu da na ƙafar yaro su yi ja su sale, ga kuka da gudun haske. Sai a 1948 aka danganta wannan ciwo da zaiba, aka cire ta daga hodar a shekarun 1950, ciwon ya kusa ɓacewa.

Doka ta zo a makare. Ingila ta yi dokar sayar da guba a 1868, amma sai a 1892 kotu ta ce Chlorodyne ma dole a rubuta masa guba a jiki. Ostireliya, bayan haɗewar yankunanta zuwa ƙasa ɗaya a 1901, ta yi dokar bayanin kayan da ake shigowa da su a 1905, sannan rahoton Octavius Beale kan magungunan sirri ya fito a 1907. Amurka ta yi tata a 1906. Waɗannan dokoki ba su haramta yawancin magungunan ba. Sun fara ne da tilasta rubuta sunan mofin ko ofiyom a jikin kwalba, kuma wannan kaɗai ya sa kamfanoni da dama suka rage shi ko suka cire shi daga haɗinsu.