Likita, an ga ƙulli a ƙodar Babanmu a sikanin

TAMBAYA: Salam likita. Babanmu ne shekararsa 61, ya je sikanin saboda yawan tashi fitsari da daddare sai mai hoton yace wai ya ga ƙulli a ƙodarsa ta hagu santimita 3, wlh tun ranar Mama ko abinci bata iya ci. Dan Allah kansa ce? Kuma wani maƙwabci ya kawo jiƙo wai zai narkar da shi, ya sha?
Daga 'yar'uwarku a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Toh 'yar'uwa, ki ɗauko takardar rizal ɗin ki sake dubawa, domin abin da ke cikin ƙullin shi ne magana, ruwa ne ko tsoka.

Shi sikanin da sauti yake aiki, ba hasken da ke cutarwa a ciki. In sautin ya ratsa ruwa sai wurin ya fito baƙi wuluk a allo, zagayayye, fatarsa siririya, to wannan jakar ruwa ce kawai kuma wlh kullum muna ganinta a dattawan da suka haura 50, da yawa har su koma ga Allah ba su san suna da ita ba, ba magani ba tiyata. Ni tashin fitsarin nan ma ya fi sa ni tunanin furosteti, wato wata 'yar gaɓa ta maza da ke ƙasan mafitsara, ita ya kamata a bi.

Amma in an rubuta tsoka ce, ko akwai shamaki a ciki, ko fatar ta yi kauri, ko Doppler, wato sikanin da ke duba gudanar jini, ya nuna jini na gudana cikinta, anan sikanin ya kai iyakarsa. Sai a yi CT, wato hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, da ruwan da ake sawa ta jijiya don hoton ya fito sosai, bayan an gwada aikin ƙodar a jini. Ko nan ba lallai kansa ba, akwai wani ƙari mai kitse da ke fitowa fari tas a sikanin na sauti kuma mara illa ne galibi.

Jiƙon kuwa a ajiye shi dan Allah, ba ya narkar da komai, ƙodar ma zai iya wahalarwa. Ku kai takardar wurin likitan mafitsara, akwai su nan asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, kuma in Baba ya ga jini a fitsari ko ya fara ramewa kar ku jira ranar da aka ba ku.