Su wane ne ke kula da bursun ɗiyata a Amurka, kuma don me suka ƙi gaya mini makinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Tahoua. Ɗiyata ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, Allah ya ba ta bursu a wata jami'ar Amurka, cikin wani shiri da ke tara ɗalibai daga gidaje da ƙasashe dabam-dabam, musamman waɗanda ba a cika ganin irinsu a jami'ar ba. Ta turo mini sunayen masu kula da shirin: darakta, mai tsara ayyuka, da wata malama da aka ce ita ce jagorarta. Kwanan nan na ji muryarta ta canza, ta ce darasin kimiyyar sinadarai ya sha mata kai. Na sa aka rubuta wa daraktan don in ji makinta, ya amsa da ladabi amma ya ƙi faɗa. Mene ne aikin mutanen nan? Kamar ANAB, hukumar bursu ta nan Nijar, suke?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yarinyar albarka, ya ba ta sa'a.

Bari in fara da abin da ya sosa maka rai. Daraktan bai raina ka ba, doka ce ta ɗaure masa hannu. Tun 1974 Amurka ke da dokar da ake kira FERPA, wadda ta ce da zarar yaro ya shiga jami'a, bayanan karatunsa nasa ne, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. Galibin jami'o'i ba sa gaya wa uba maki sai ɗalibi ya ba da izini a rubuce. Akwai takarda don haka, ɗiyarka tana iya cika ta in ta so. Amma shawarata, kada ka fara da neman takardar. Yarinyar da ke jin tsoron ta kunyata gida, in ta ji ana bin makinta ta bayan fage, ƙara ɓoyewa za ta yi.

Batun ANAB kuwa, akwai kama, amma kaɗan. A nan gida ANAB ke biyan bursu, CROU ke ji da ɗaki da abinci, malami kuma ya ba da darasinsa ya tafi. A irin shirin da ɗiyarka ta shiga an ware mutane ne takanas don su bi sawun ɗalibi ɗaya-ɗaya har ya gama. Darakta shi ke riƙe da kuɗin shirin da sharuɗɗansa, shi ke magana da shugabannin jami'a da masu ba da tallafi, kuma in maki ya faɗi ƙasa da abin da aka gindaya, a teburinsa ake yanke hukunci. Mai tsara ayyuka ma'aikaci ne, ba malami ba. Shi ya san ranar da kuɗin littattafai ke shiga, da inda baƙon ɗalibi zai kwana in an rufe ɗakuna lokacin hutun hunturu, da wanda za a kira in yaro ya kwanta rashin lafiya.

Wadda nake so ka riƙe da kyau ita ce malamar nan, jagorarta. Malama ce mai koyarwa kamar sauran, amma an goya mata wasu ɗalibai don ta san halin da suke ciki. Dubi yadda gidauniyar Posse, wadda Deborah Bial ta kafa a 1989, ta tsara abin: tana tura ɗalibai goma-goma zuwa jami'a ɗaya, jagoransu ya zauna da su gaba ɗaya kowane mako, ya kuma ga kowa shi kaɗai duk bayan mako biyu, har shekara biyun farko su cika. Sun gane cewa da yawa daga cikin yaran da ke barin karatu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, wanda za su faɗa wa damuwarsu suka rasa.

Nan ne tarbiyyarmu, mai kyau ce kuwa, take yi wa ƴaƴanmu cikas. Mun koya musu kada su ɗaga ido gaban babba, kada su dame shi da ƙorafi. Wata yarinya da na taimaka wa da takardunta a nan Yamai ta ba ni labari bayan ta dawo hutu: sau uku tana zuwa ƙofar malaminta, ta ga ƙofar a buɗe, ta ga kujerar da aka aje wa baƙo, ta gyara mayafinta ta wuce kamar wani wuri za ta. Ba ta san cewa kowane malami a can yana da awoyi a mako da yake zaune don ɗalibai kawai ba, kuma in ba ka zo ba sai ya ɗauka lafiya lau kake. Ranar da ta shiga, cikin minti ashirin ya haɗa ta da ɗalibin aji na gaba mai yi mata bita, ba ta biya ko dala ba. Har yau ina jin zafin watanni biyun da ta yi tana kuka ita kaɗai.

Akwai mutum na huɗu da ba ya cikin sunayen da ta turo maka, kuma kuskure a wajensa ya fi tsada. Shi ne jami'in ofishin ɗaliban ƙasashen waje, wanda ake kira DSO, mai sa hannu a takardar I-20 da bizarta ta F-1 ta dogara a kai. Dokar bizar ta ce mai karatun digirin farko ya ɗauki aƙalla kiredit 12 kowane zango, kiredit kuwa shi ne ma'aunin nauyin darussa. In abokanta suka ce mata ta ajiye darasin sinadaran nan ta huta, su ƴan ƙasa ne, ba abin da zai taɓa zamansu a ƙasar. Ita kuwa in ajiyewar ta sauke ta ƙasa da 12 ba tare da izininsa ba, zamanta a ƙasar ya shiga haɗari. Yana da ikon ya yarda a rage mata nauyi saboda wahalar Turanci ko baƙuncin salon koyarwa a farkon zuwa, amma sai an tambaye shi kafin a ajiye. Haka in za ta zo Tahoua hutu, ta gan shi kafin ta sayi tikiti, domin sharuɗɗan komawa suna canzawa.

Abu ɗaya da ya dace a tambayi darakta, kuma ita ce za ta tambaya: daga ina kuɗin bursun ke fitowa, kuma an lamunce shi har ƙarshen karatu? A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, jihar Tekzas kuma ta rufe ofisoshin da ke kula da irin waɗannan shirye-shirye a jami'o'in gwamnatinta daga farkon 2024. Tun daga nan shirye-shirye da yawa suka canza suna ko sharuɗɗa. Ta nemi amsar a rubuce, ta ajiye tare da takardar da ta sa wa hannu ranar karɓar bursun, wadda makin da ake bukata ke ciki.

In ka kira ta a daren nan, Alhaji, ka ce mata ka ji, ba ka yi fushi ba, kuma kai ne ka ba ta izini ta je ta zauna da malamar nan cikin makon nan ta faɗa mata komai. In ta fito daga wajenta, ta kira ka ta gaya maka abin da suka tsayar.