Wane ne masanin lissafi?

Ka tambaya ko masanin lissafi shi ne mai saurin ƙirga da ka. A'a ɗan'uwa, wannan ko mai shago ya iya. Duba: 1+3 ya ba da 4, ƙara 5 ka samu 9, ƙara 7 ka samu 16. Wato 2×2, 3×3, 4×4. Masanin lissafi ba zai runtsa ba sai ya kawo hujjar cewa haka zai tafi har abada. Jera tsakuwa huɗu, biyu-biyu, ka kewaye gefe biyu da wasu biyar, za ka ga dalilin da idonka.

Aikin na cin rai. Andrew Wiles na Ingila ya shekara 7 kan tambayar Fermat, wata tsohuwar matsalar lissafi da masanin lissafi Fermat na Faransa ya bari ba tare da hujja ba, aka gano giɓi a hujjarsa, sai 1994 ya toshe shi.