Ba a gaida babba daga kan keke

'Yata, saƙonki ya iso, sai da na karanta shi sau biyu. Wai ko ya halatta ki kunna rosari, addu'ar carbinmu ta Katolika, a waya, ki ƙara mata sauri ninki biyu, kina saurare kina guga kafin ki fita aiki, ko kuwa dole sai an zauna an ja carbi da hannu kamar yadda nake yi tun da na yi ritaya. Na yi dariya har innarki ta leƙo daga madafi. Da dariyar ta wuce kuma sai jikina ya yi sanyi.

Ba zan yi miki faɗin rai ba, ni ma ɗan sauri ne. Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, kuma a yawancinsu carbina a aljihun babbar riga yake kwana, sai ranar Lahadi ya ga rana. Rosarin nan maimaita addu'ar “A gaishe ki Maryamu” ne sau 50, goma-goma, abin da bai fi minti 20 ba, amma kullum cewa nake babu lokaci. Yanzu ga lokacin har ya yi mini yawa, gwiwar durƙuson ce babu.

Kin san na ga Fafaroma? To, na ga hularsa dai. Ranar Lahadi 14 ga Fabrairun 1982 ne, da John Paul na biyu ya zo Kaduna ya naɗa sababbin firistoci a dandalin Murtala. Lokacin ko jihar Katsina ba a yi ba. Tun daren Asabar muka hau bayan babbar mota daga wajen Malumfashi, ni da kakanki da katikis ɗinmu, wato mai koyar da addini a cocinmu, da matan zumunta da tulunansu na kiɗa. Muka bi ta Funtuwa da Zariya, hunturu yana yankar kunne, matan nan ba su yi shiru ba har gari ya waye. Da muka sauka kowa fari fat da ƙura kamar an tono mu.

Ni ina saurayi, na ce sai na kai gaba. Na kutsa, na ture wannan, na taka wancan, wata tsohuwa ta ɗirka mini dundu, takalmina ƙafa ɗaya ya tafi har yau. Iyakar abin da na samu, wani ɗan farin abu can nesa tsakanin kawunan mutane. Ko kalma ɗaya ta wa'azin ban riƙe ba. Da na dawo ina ɗingishi, na tarar da Baba a inda na bar shi, can baya, ya shimfiɗa buhu ya durƙusa, carbi a hannu. Bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen goman da yake ciki. Ya dubi ƙafata ya ce, “Sauri ya haifi nawa.” A hanyar komawa kuma shi ne ya riƙa ba mutane labarin abin da aka yi a bagade, don shi ya kasa kunne ga lasifika.

Shi ne yake ce mana addu'ar nan da gaisuwa ta fara, kuma ba a gaida babba daga kan keke. Sai ka sauka, ka jingine shi, ka rusuna. A ƙauyenmu in katikis ya buga tsohon ƙarfen mota da ke rataye a tsamiya da sha biyun rana don a yi addu'a, mai fartanya yakan dasa ta a ƙasa, mai tulu ta sauke. Ku kuwa yanzu har a cikin coci wayar tana hannu, Fada yana ɗaga Jikin Almasihu wani yana ɗaukar hoto. Ban ce laifinku ne ku kaɗai ba, a hannunmu kuka ga gudun.

Wani abin ma, a 2002 Fafaroman nan dai ya ƙara asirai biyar na haske a kan asiran rosari, wato al'amuran rayuwar Yesu da Maryamu da ake tunawa ana jan carbi, suka koma 20 daga 15. Shi da duniya take kansa ƙari ya yi, ke kina neman ragi.

Zancen halatta ko rashinta, ki tambayi Fadan cocinku, ni ban yi makarantar ba. Carbin Baba dai yana nan wurina, ƙwaya biyu sun fita na ɗaure wurin da zare. In kin zo Kirsimeti ki tuna mini. Ki taho mini da man zafin nan na gwiwa, wanda kika kawo bara ya ƙare.