An Ƙara Mini Albashi a Birni Mai Tsada, In Kwashe Iyalina Ko In Haƙura?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne mai mata ɗaya da yara uku, kuma ni kaɗai nake shigo da kuɗi gidan. An ba ni aiki a wani babban birni, albashin ya ɗara wanda nake ɗauka yanzu da kashi 40 cikin ɗari. A nan haya tana cin kashi ɗaya bisa biyar na albashina, a can kuwa na tarar ta ninka ta nan sau biyu da rabi, kuma mai gidan da na samu yana son kuɗin wata shida a dunƙule, ban da na dillali da na ajiya. Abin da na tara bai kai ba. Abokaina suna cewa in karɓi rance ta manhajar waya, sabon albashin zai biya. Maiɗakina ba ta ce a'a ba, amma na ga jikinta ya yi sanyi, ni ma kwana biyu barci ya ƙaurace mini. Don Allah, za mu iya kuwa?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Rashin barcin nan naka yana kan hanya, kuma gara da ya same ka yanzu, tun ba ka sa hannu a takardar kowa ba. Tun da har ka san kason da haya take ci a albashinka, ba sai na tsaya koya maka kasafi ba. Mu je ga lissafinka kai tsaye.

Mu ɗauka abin da yake shigo maka a wata ɗari ne. Haya ta ci 20, kana riƙe gida da 80. A can za ka ɗauki 140, haya ta ci 50, saura 90. Ka ga ƙarin 40 ɗin da ya sa abokanka murna ya koma 10 tun ba ka taka ƙafa waje ba. Wannan ma idan 140 ɗin shi ne abin da zai faɗo a asusunka. In kuwa adadin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki ne, to haraji da kuɗin fansho za su fara gutsura, kuma a ƙasashe da yawa kason haraji yana hawa ne tare da hawan albashi. Daga wannan goman za ka fitar da bambancin kuɗin mota, da na makarantar yara uku, da na cefane, da na wuta da ruwa. Akwai kuma abin da ba ya fitowa a takarda. Inda kuke yanzu, in yaro ya tashi da zazzaɓi cikin dare akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa, in wata ya yi nisa akwai mai ɗaga maka ƙafa. A sabon wuri, duk abin da sanayya take yi maka kyauta sai ka sa kuɗi.

Za a ce maka ai 50 cikin 140 kashi 36 ne, bai yi nisa da ƙa'idar nan da ke cewa kada haya ta wuce kashi 30 na samun mutum ba. Ya kamata ka san asalin wannan ƙa'ida. A Amurka aka haife ta. A 1969 aka yi doka, wadda ake kira da sunan Sanata Edward Brooke, ta hana a karɓi fiye da kashi 25 na samun masu zama a gidajen gwamnati, a 1981 aka ɗaga zuwa 30. Awo ne na hukuma domin talakawan wata ƙasa, bai san yawan bakunan da suke ci a gidanka ba. Tun a 1857 masanin ƙididdiga Bajamushe Ernst Engel ya nuna cewa gwargwadon ƙarancin samun gida, gwargwadon girman kason da abinci yake ci. Wanda ciyarwa take lashe kusan rabin albashinsa, kashi 30 na haya ma ya yi masa nauyi. In za ka yi awo, haɗa haya da kuɗin zirga-zirga wuri guda, domin gida mai araha a bayan gari da kuɗin mota da awannin hanya ake biyansa. Wata cibiyar bincike a Chicago ta sa iyakar biyun a haɗe kan kashi 45, kai kuma haya kaɗai ta kai ka 36.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne maganar nan ta "sabon albashin zai biya". Kusan kullum sai na ji ta, daga bakin mutane masu hankali da rufin asiri, kuma ita ce take rusa gidajen da tsadar birni kaɗai ba za ta iya rusawa ba.

Bari in nuna maka yadda take. Hayar wata shida 300 ke nan. Ka ƙara na dillali, da na ajiya, da motar kwasar kaya, da rajistar makaranta, mu ce 100. Ka ranto 400. A ce manhajar ta rubuta maka kashi 10 a wata, wanda ido yake gani kamar ba komai ba. Idan za ka biya cikin shekara, kuma ana lissafa ruwan ne kan abin da ya rage, duk wata za ka ba su kusan 59, jimla ta haura 700. Idan kuwa kan uwar kuɗin ake lissafawa har ƙarshe, kamar yadda da yawansu suke yi ba tare da sun fayyace ba, biyan ya zama 73 a wata, jimla 880. To ga inda mutane suke mantawa: hayar da ka biya ta wata shida ce, bashin na wata goma sha biyu ne. Tun daga watan farko dole ka riƙa ware 50 domin haya ta gaba, ga 59 na bashi. An cire 109 daga 140. Saura 31. Mutumin da yake riƙe gida da 80 a gari mai sauƙi, shi ne zai riƙe shi da 31 a birni mai tsada, da yara uku. Ba zai yiwu ba, kuma abin da ake yi a nan sananne ne. Ana daina tara kuɗin haya, a ci da shi, wata na shida ya zo, mai gida ya turo saƙo, a buɗe manhaja ta biyu a biya ta farko. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba.

Na taɓa zama da wani magidanci da ya bi wannan hanya. Ya ajiye wayarsa a kife a kan teburina, tana ta ɓari, bai ko kalle ta ba. Manhajoji huɗu ke binsa. Abin da ya fi ƙona masa rai ba yawan kuɗin ba ne, saƙon da aka tura wa surukinsa da shugabansa a wurin aiki ne, ana kiransa mayaudari. Lokacin da ya sauke manhajar ya danna amincewa, ya ba su izinin shiga lambobin da suke cikin wayarsa, bai karanta ba. Wannan ta'asa ta yi yawan da a 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da suke rumbunsa na sauke manhajoji neman shiga lambobin mutane da hotunansu. Tun a 2019 ma ya hana masu tilasta biya cikin kwana 60 ko ƙasa da haka. Duk da haka wasu suna zagayewa, su turo maka mahaɗi ta saƙo ka sauke daga wani wuri. Ban ma taɓo hukuncin kuɗin ruwa a addini ba, ka san shi, kuma akwai malaman da suka fi ni sani.

Raina yana ɓaci da masu fitowa a bidiyo suna koyar da "sirrin arziki", suna cewa mai tsoron bashi ba ya girma, wai bashi hanji ne yana cikin kowa. Ɗan kasuwar da ya ranci kuɗi ya sari kaya yana da hajar da zai sayar ya biya. Kai hayar da ka biya ta tafi, babu abin da za ta haifa. Mai bidiyon nan ba zai zo ranar da aka watso maka kaya waje ba, kuma wasunsu ana biyansu ne kan kowane mutum da ya sauke manhajar ta hannunsu. Abokanka ma, da kyakkyawar niyyarsu, ba su ne za su kalli yaranka ba ranar da aka koro su daga makaranta.

Sannan albashin da ake jingina da shi bai ma tabbata ba. Yawancin ma'aikatu suna sa sabon ma'aikaci a gwaji na wata uku zuwa shida, a cikinsa sallama ba ta da wuya. Albashin farko kuma yakan makara, ana jiran a shigar da suna, ana jiran sa hannun wani da ya yi tafiya. Haka kuɗin tashi, wato na kwashe iyali da kaya, da wurin aiki yake yi wa mutum alkawari da baki. Sai ka kai rasit, a ce fayil yana wani ofishi, wata uku ana juya ka, ruwan bashi kuwa ba ya jiran fayil. Gida mai albashi biyu in ɗaya ya tsaya ɗayan yana riƙe da tukunya. Naka in ya tsaya, komai ya tsaya rana ɗaya.

Ban ce ka ƙi aikin ba. Gida mai albashi ɗaya yana iya komawa birni mai tsada, na kuma ga waɗanda suka yi suka ci riba, domin wani aikin darajarsa tana cikin inda zai kai ka nan da shekara biyar. Kana ma da wani ƙarfi da ba a cika lura da shi ba. Elizabeth Warren, wadda ta daɗe tana nazarin karayar arzikin iyalai a Amurka, ta nuna tare da 'yarta a 2003 cewa gidan da ya tsara rayuwarsa kan albashi ɗaya yana da madogara, domin in ta ɓaci wanda ba ya aiki a cikin ma'auratan zai iya neman abin yi. Amma ka ajiye wannan a matsayin madogara ta ranar da ta ɓaci. Kada ka saka a kasafinka kuɗin sana'ar da maiɗakinka ba ta fara ba, a garin da ba ta san kowa ba.

A yanayinka, abin da na gani shi ne ka tafi kai kaɗai tukuna. Ka kama ɗaki ɗaya ko ka raɓa da wani har gwajin ya ƙare. Riƙe gida biyu yana da nasa nauyin, rabuwa da iyali kuma ba daɗi, amma ɗaki ɗaya da hayar nan ta 20 ba za su kai 109 ba, kuma in aikin bai yi ba kana da inda za ka dawo. A waɗannan watanni za ka ga farashi da idonka, ka san unguwar da ta dace da makarantar da za ku iya, ka tara kuɗin hayar da guminka. Ba zan so ka kwashe su ba sai kana da hayar a hannu, da kuma abin da zai riƙe gidan aƙalla wata uku ko da albashi ya tsaya. Ga mai ciyarwa shi kaɗai, shida ya fi.

Kafin ka amsa wa masu ɗaukarka aiki, rubuta ka tambayi abu uku: nawa ne zai shigo hannunka bayan an cire komai, wata nawa ne gwajin, kuma za su ba da kuɗin tashi ko rancen haya marar ruwa da za a riƙa cirewa daga albashi. Yanzu da suke nemanka ne bakinka yake da nauyi. Duk abin da suka amince da shi, a sa shi cikin takardar ɗaukar aikin. In amsar ta zo, ka zauna da maiɗakinka ku sake wannan lissafi da ainihin alƙaluman, domin ita ta san abin da cefanen wata yake ci, kuma ita za ta wuni a sabon gidan da yara kana wurin aiki. In 140 ɗin ya zama 120 bayan cire-cire, kuma sun ƙi taimakawa da komai, ka sake rubuto mini da sababbin alƙaluman mu duba tare.