Filin Amsa Wasiƙunku: Ina Za Mu Kai Wanda Shaye-shaye Ya Kama?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duka daga jihar Zamfara suka zo, kuma duka a kan neman magani ne ga wanda shaye-shaye ya kama. Mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda suka roƙa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana na fari, mai shekara 23, ya tafi haƙar zinare wajen Anka, ya dawo mana da shan tramol. Da farko cewa yake don ƙarfin aiki ne, yanzu kuwa ko aikin ba ya yi, har keken ɗinkina ya ɗauka ya sayar. Kwanakin baya ya yanke jiki ya faɗi a zaure yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Baffansa ya ce a kai shi gidan mari, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Don Allah ina ake kai irinsu?
Wata uwa, Ƙauran Namoda.

AMSA: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki ladan haƙuri. Rashin kwanciyar hankalin nan naki yana kan daidai, domin jijjigar da kika gani aikin ƙwayar ce, ba aljanu ba ne kuma ba sammu ba ne. Tramol da likita ke rubutawa mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ake sayar wa matasa a tasha da wuraren haƙar ma'adinai sau da yawa mai 225 ne, kuma idan ya yi yawa a jiki yana jawo farfaɗiya ko da mutum bai taɓa yin ta ba. Wanda ya kai wannan matsayi likita yake buƙata, kuma da gaggawa.

Ƙofar farko ita ce babban asibiti mafi kusa da ku. Daga Ƙaura, Gusau ce ta fi sauƙi, inda akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da kuma Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Ku yanki kati kamar kowane marar lafiya, idan kun shiga wurin likita ku faɗi abin da ke tafe da ku ba tare da kewaye-kewaye ba, ku nemi a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa. Ki tafi da fankon ƙwayar da kika tsinta a aljihunsa ko a ƙarƙashin katifarsa, domin abin da ke rubuce a jikin fankon ya fi dogon bayani amfani ga likita, musamman da yake yawancin masu shan tramol suna haɗa shi da wasu abubuwa, irin su diyazafam da ezol da tabar wiwi, kuma kowannensu da yadda ake janye shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a faɗi guda nawa yake sha a rana, tun yaushe ya fara, da kuma yaushe ya sha na ƙarshe.

Idan likita ya ga sai an kwantar da shi na tsawon lokaci, zai rubuta muku takardar turawa. Ɗaya daga cikin asibitocin da suka fi kusa da mutanen Zamfara da Kebbi a wannan fanni shi ne Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ɗan gaba da birnin Sakkwato a kan hanyar Illela. Akwai takwaransa a Barnawa cikin garin Kaduna, ga kuma sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Na san cewa da an ambaci Kware wasu iyaye sai gabansu ya faɗi, su ce ai ɗansu ba mahaukaci ba ne. Gaskiya ne, ba mahaukaci ba ne, sai dai ƙwaƙwalwarsa ce ƙwayar ta sauya wa aiki, kuma likitocin da suka karanci gyaran wannan a can suke. Kafin ku kama hanya, a aika wani ya tambayo ko akwai gado, da kuɗin kwanciya da na abinci da na magani, domin ba kyauta ake yi ba, kuma gara dangi su haɗa abin da ya sawwaƙa tun daga gida da a cire yaro a tsakiyar jinya saboda aljihu ya ƙare. Halin da hanyoyinmu ke ciki kuma ba sai an gaya miki ba, a yi tafiyar da rana tsaka.

Hanya ta biyu ita ce hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, wato NDLEA, wadda yawancin mutane kame kawai suka san ta da shi, alhali tana da ɓangaren ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi. Tun 2022, a ƙarƙashin shugabancin Janar Buba Marwa mai ritaya, ta buɗe layin waya na kyauta, 0800 1020 3040, wanda ke aiki dare da rana, kuma ana iya magana da su da Hausa. Wanda ya kira don neman taimako ba ƙarar ɗansa ya kai ba. Duk da haka, a yanayin ɗanki da ya riga ya yi jijjiga, ni dai asibiti nake sa wa a gaba.

Ki kuma san abin da zai fuskanta, don kada tausayi ya sa ki warware aikin da hannunki. Cikin kwana ɗaya da daina shan tramol jiki zai fara nema: hamma ba ƙaƙƙautawa, majina da hawaye, ciwon gaɓoɓi, zawo, gumi da sanyi a lokaci guda, ga barci ya ƙaurace. Abin yakan yi tsanani a kwana na biyu da na uku, sannan ya lafa cikin kamar mako guda. A asibiti akwai magungunan da ke sassauta wannan wahala. Amma wanke jiki daga ƙwaya somin-taɓi ne kawai, babban aikin shi ne zaman da ake yi da shi bayan nan, a gano abin da ke tura shi ga sha, a koya masa yadda zai yi idan sha'awar ta taso, a kuma zauna da ku iyaye. Masu bincike a wannan fanni sun daɗe da lura cewa jinyar da ba ta kai wata uku ba, a kwance ne ko ana zuwa daga gida, amfaninta kaɗan ne.

Maganar baffansa kuwa, a ba shi girmansa, domin shi ma gyara yake nema, amma a tuna masa abin da ya faru a 2019. A watan Satumba na shekarar 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a gadon baya, kuma a watan da ya biyo aka sake ganin irin haka a Daura. Iyayen waɗannan mutane da kuɗinsu suka kai su, da kyakkyawar niyya. Mari yana hana ƙafa tafiya ne kawai, ba ya taɓa abin da ke cikin ƙwaƙwalwa, kuma yaron da ya yi jijjiga yana ɗaure a ɗakin da babu likita zai iya rasa ransa kafin gari ya waye. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, wadda aka sanar a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa irin waɗannan marasa lafiya haƙƙin a kula da su da mutunci. Saboda haka duk cibiyar da aka nuna muku, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, ku tambaya wane likita ne ke duba marasa lafiya da kuma ranakun da yake zuwa, ku nemi ganin takardar rajistarsu da ma'aikatar lafiya, ku ce a shiga da ku har ɗakin da zai kwana. Inda aka hana uwa ganin makwancin ɗanta, ko aka ce babu ziyara sam sai ranar sallama, ku juya da abinku. Addu'a da nasihar malamai suna da babban gurbi, kuma babu likitan kirki da zai hana ku su, a haɗa su da magani a tafi tare.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaci ne, magidanci, kuma na shekara fiye da goma ina shan giya a ɓoye. Duk lokacin da na yi niyyar tuba na daina, sai hannuna ya kama rawa, gumi ya rufe ni, sau ɗaya ma har na riƙa ganin ƙwari suna bin bango. Ina tsoron zuwa asibiti kada asirina ya tonu, ka san yadda garinmu yake.
Wani bawan Allah, Talatar Mafara.

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya karɓi niyyarka. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne kada ka sake yanke ta lokaci guda kai kaɗai a ɗaki. Mutane da yawa ba su san cewa janyewa daga giya ya fi janyewa daga tramol ko kodin haɗari ba: ga wanda jikinsa ya saba shekara da shekaru, dainawa farat ɗaya kan kawo farfaɗiya, kuma tsakanin kwana biyu zuwa uku takan kawo ruɗewa mai tsanani da gane-gane da zazzaɓi, wadda ke kisa idan ba a kula ba. Ƙwarin da ka gani a bango gargaɗi ne cewa kana cikin waɗanda sai a gadon asibiti ya kamata su daina, inda za a ba ka maganin da ke kwantar da jijiyoyi ana rage shi sannu a hankali, da sinadarin bitamin B1 mai kare ƙwaƙwalwa, a kuma duba lafiyar hantarka. Wannan gargaɗi ya shafi masu shan ƙwayoyin sa barci irin su diyazafam da rochi su ma.

Tsoronka na fahimce shi, domin tun da aka fara aiki da shari'a a Zamfara a shekarar 2000 maganar giya ta zama abin da ba a furtawa. Amma ɗakin likita ba kotu ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya riƙe sirrin marar lafiya, kuma kana da damar cewa da likita kaɗai za ka yi magana, kowa ya fita. Idan duk da haka kana jin idon sani ya yi yawa a gida, Sakkwato ba ta da nisa da Mafara, ka nemi hutu a wurin aiki ka tafi can. Ka dai zaɓi mutum ɗaya da ka amince da shi, ko mai ɗakinka ko wani aminin, ya san inda kake, domin jinyar nan tana da wuya ga wanda ba shi da mai leƙo shi.

TAMBAYA: Ƙanwata matar aure ce, kodin take sha. Mun kai ta asibiti ta yi wata biyu, ta dawo fes, amma ba a rufa wata uku ba ta koma. Mijinta ya ce asarar kuɗi aka yi, yana maganar saki. Akwai amfanin sake kai ta?
Yayarta, Gusau.

AMSA: Akwai, Malama, kuma kada a jinkirta. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 2.4 daga ciki maganin tari mai kodin suka sha, kuma ɗaya cikin kowane huɗu na masu shaye-shaye mace ce, sai dai matan da ke isa wurin magani ba su taka kara sun karya ba, saboda kunya da gudun abin da za a ce. Ku da kuka kai ta kun yi abin da gidaje da yawa suka kasa. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da wannan maganin tari tun watan Mayun 2018, amma ke ma shaida ce cewa bai ɓace daga unguwanni ba.

Komawa bayan jinya abu ne da likitoci suka sani, ana ƙiyasta cewa mutum 40 zuwa 60 cikin ɗari sukan koma aƙalla sau ɗaya, kusan daidai da yadda mai hawan jini kan koma gidan jiya idan ya saki magani, kuma babu mai cewa kuɗin da aka kashe wa mai hawan jini asara ne. Tambayar da ya dace a yi ita ce me ta tarar da ta dawo. Shin an ci gaba da kai ta ganin likita a ranakun da aka rubuta mata, ko da aka ga ta yi ƙiba sai aka ajiye katin? Ƙawar da ke kawo mata kwalba a cikin jakar hannu ranar biki tana nan tana shigowa? Lambar mai kawowa tana cikin wayarta? Sannan abin da ya fara kai ta ga sha, ko baƙin cikin zaman gidan ne, ko rashin barci, ko damuwar da kan biyo bayan haihuwa, an yi maganinsa? Ku koma wurin likitan da ya san ta, ku roƙi mijin ya bi ku ko sau ɗaya ne ya ji daga bakin likita, kuma a nemo wani babba da yake jin nauyinsa ya sa baki a jingine maganar saki har a ga yadda jinyar za ta kasance.

Akwai wani haɗari da nake so ku sani tun yau. Wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba, don haka kwalaben da a da ba sa yi mata komai yanzu za su iya tsayar mata da numfashi, balle idan ta haɗa da maganin barci. Idan kuka same ta tana wani irin minshari, an tashe ta ta ƙi tashi, numfashinta yana ja da nisa, leɓɓanta sun sauya launi, ƙwayar idonta ta tsuke ta zama ɗan ɗigo, kada ku ce barci ne a bar ta ta huta, kuma kada a ɗura mata madara ko manja, domin za su iya bi ta hanyar numfashi su shaƙe ta. Ku kwantar da ita a gefenta, ku nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ku gaya musu kodin ta sha, domin akwai allurar da ake kira naloxone wadda ke warware shi cikin mintuna kaɗan idan an isa da wuri.