Kafin ka sayi salon haruffa, gwada ƙ da ɗ

Tambaya: Zan buga katin sana'ata, mai zanen ya ce sai na sayi Helvetica. Dole ne?

Amsa: Ba dole ba ne. Helvetica na cikin haruffa marasa wutsiya, waɗanda bakinsu a yanke yake, ba ƙwalisa. Max Miedinger ne ya zana ta a Siwizalan a 1957 wa kamfanin Haas, da sunan Neue Haas Grotesk, sai a 1960 aka raɗa mata sunan da ta yi suna da shi. Farin jininta shi ne ba ta da surutu: ido na karanta saƙon, ya manta da harafin. Shi ya sa take kan allunan jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin New York. Amma Arial, salon da kamfanin Monotype ya fitar a 1982, faɗin haruffanta ɗaya ne da na Helvetica, kuma tana zuwa da Windows. A ɗan kati, sai gwani ya ƙura wa ƙafar R ido zai bambance su. Ka riƙe kuɗinka.

Tambaya: Wane salo ne zai sa a ɗauke ni aiki idan na rubuta takardar nema da shi?

Amsa: Babu shi, malam. Ka zaɓi guda ɗaya, ka gyara kurakuran rubutunka.

Tambaya: Na ga wani shafi yana raba Helvetica kyauta. In sauke?

Amsa: Nan fa aka taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Helvetica da lasisi ake sayar da ita, duk wanda ya ba ka ita kyauta a shafin da ba ka san mai shi ba, kayan sata ya miƙa maka, ko jabu. Irin waɗannan fayiloli sukan zo a gurgunce: tazarar haruffa ta lalace, wasu alamomi sun ɓace, wani lokaci har da ƙwayar cutar kwamfuta a liƙe. Araha ba ta ado. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa, mutum zai buga takardu ɗari-ɗari kafin ya lura inda ya rubuta ƙ ko ɗ akwati ne ya fito, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani salo, ya tsaya cikin kalma kamar baƙo. Ko na kuɗin ma, ba kowanne ke ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa ba. Rubuta "ƙwarya", "ɗaki" da "ɓera", manya da ƙanana, ka gani da idonka kafin ka biya ko ka buga. Kuma me ya kai ka sata alhali Noto Sans na Google kyauta ne ta halal, kuma haruffan duk suna ciki?

Tambaya: Mahaifina idonsa ya yi rauni, ina buga masa jadawalin shan magani, ina tsoron ya rikice.

Amsa: Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa Baba lafiya. Tsoronki na kan hanya, domin a Helvetica da Arial babban I da ƙaramin l kamar tagwaye suke. Ɗauki Verdana, wadda Matthew Carter ya zana a 1996: haruffanta a buɗe suke, I ɗinta ma daban take. Ki ƙara girman rubutun, baƙi a kan fari, ki ba layuka tazara, sannan ki miƙa masa ya karanta miki da babbar murya kafin ki manna a bango.